Kwana Goma Sha Bakwai a Kan Rufin Fijo: Jinjina ga Sha'ibu Toliye

Da an sallame sallar asuba, kafin masu koko su gama hura wuta, za ka ga Baba Sha'ibu ya fito daga masallacin bakin hanyar Tsibiri yana tura tsohuwar mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, da hannu. Ba ya tayar da ita da sassafe, wai kada ya tashi jariran unguwa, shi da zai wuni yana bugun ƙarfe. Yana isa rumfarsa sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera gudumominsa bakwai daga babba zuwa ƙarama, ya goge fuskar kowace da tsumma. Sannan ya tsugunna gefen motar da ke hannunsa, ya kai kumatunsa kusa da jikinta, yana jiran rana ta leƙo. A cewarsa hasken farko ne kaɗai ba ya rufa wa ƙarfe asiri. Daga nan har hantsi ba ya amsa doguwar gaisuwa. Da hantsin ya yi kuwa ya ajiye guduma ke nan, ko motar wa ce.

Toliye ne, wato mai miƙe jikin mota in ta lotse. Shekara arba'in da uku yana wannan aiki a Maraɗi. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don kafaɗarsa ta dama ta ƙi, kunnuwansa kuma guduma ta riga ta cinye su. Ba za a yi masa taro ba, ba za a kira sunansa a radiyo ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ce Tahira, ɗiyar marigayi Alhaji Jibo mai Fijo na unguwar Zariya, malamar lakwal, wato makarantar boko. Waɗanda suka san ni za su riƙe baki in sun ga sunana a ƙarƙashin yabon mutumin nan, don shekara goma sha ɗaya ke nan ban gaishe shi gaisuwar kirki ba. Ni mace ce mai riƙo, na sani, ba sai an faɗa mini ba. Ku yi haƙuri ku bi ni, zan zo kan dalilin.

Abin da duk garin ya san shi da shi, ba ya taɓa mastik. Mastik shi ne kwaɓin nan da ake cike kwarmin mota da shi, a goge, a fesa fenti, kowa ya ce sabuwa ce. Aikin sati uku yana komawa na kwana biyu. Duk toliyen da ke Maraɗi yana da gwangwaninsa, ban da Baba Sha'ibu. Shi sai dai ya bi ƙarfen da guduma, kaɗan-kaɗan, har ya koma inda ya fito. Yana yawo da ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar radiyo. In an kawo masa mota sai ya bi jikinta da shi, duk inda ya ƙi kamawa ya dubi mai motar ya ce, "Nan an yi maka tuwo."

Batula, mai sayar da shinkafa da wake a gefen rumfarsa, ta ba ni labarin wani attajiri da ya zo shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye, lokacin da mutane suka rasa yadda za su sayi ko ƙusar mota. Ya shigo da mota daga Kwatano wadda ta yi mummunan haɗari, yana so a shafe ta a sayar a matsayin lafiyayya. Baba Sha'ibu ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Alhaji, wagga mota ƙashin bayanta ya karye. In na rufe, ɗiyan wani za su shiga." Attajirin ya yi faɗa, ya ce aiki ba ya da yawa a gari yanzu, ya kamata mutum ya san inda ke yi masa ciwo. Batula ta ce ranar ko kwano ɗaya Baba Sha'ibu bai saya ba, ruwa ya sha ya koma gida. Malam Filibus na Tsibiri kuma ya faɗa mini yadda ƙofar motar majami'arsu ta maƙale ranar da za su kai wata mai naƙuda likita, aka zo da gudu aka same shi yana cin abinci, ya wanke hannu ya bi su bai tambayi ko su waye ba. Ranar Juma'a da safe kuwa matan unguwa ke jera masa tukwanen da suka lotse, yana miƙe su yana yi musu tsiya, wai da kan mazajensu suke gwada su.

Kai ne, Baba Sha'ibu, mai tafin hannun da ke gani. Amma ba don tukwane na zauna rubutun nan ba.

Mahaifinmu yana da Fijo 404, fara sol, wadda ya saya tun zamanin gyaɗa daga hannun wani Bature da zai koma gida. Da ita ya yi jigila tsakanin Maraɗi da Tsibiri har ya gina gidanmu, ya je Makka. Bayan ya daina jigila bai sayar da ita ba. Kullum safiya shi da kansa yake wanke ta a ƙarƙashin bedin ƙofar gida, itacen dogon yaro, daidai tagar ɗakinsa, kuma ba wanda ya isa ya jingina da ita. Inna Atika, mahaifiyarmu, takan ce ita ce uwargida, mu duka 'yan haya ne. Tun farko Baba Sha'ibu ne ke kula da jikinta, daga nan suka zama aminai.

A 1993, ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, gari ya rikice da murna. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Mutane sun yi shekaru ba su isa su ɗaga murya ba, sai ga shi an ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Yayana Zakari yana da shekara ashirin da uku, partinsu ya ci, na Baba, mahaifinmu, ya faɗi. Ya saci makulli ya fita da Fijo cikin jerin gwano. Samari suka hau rufinta suna rawa, shi ma ya bar sitiyari ga abokinsa ya hau. Da la'asar aka dawo da ita rufin ya lotse har yana taɓa kan mai zama, ga sawun dugadugai ko'ina.

Baba bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tsaya ya dubi rufin, ya dubi Zakari, ya ce, "Ƙafarka ba ta ƙara taka zauren nan sai ka miƙe rufin nan da hannunka."

Bai rantse ba. Da rantsuwa ce da da sauƙi, malamai sun faɗa masa akwai kaffara. Magana ce kawai, shi kuwa mutum ne da bai taɓa janye magana ba tun da na san shi. Zakari kuma ɗansa ne, jini ɗaya, taurin kai ɗaya. Ya ce ba shi kaɗai ya hau ba, kuma ba don mota aka kore shi ba, don parti ne. Ya kwashi kayansa ya koma Jiratawa, ya kama noman rani a fadama. Baba ya ja tamfol ya rufe motar, ya hana kowa taɓa ta.

Shekara shida! Jiratawa fa, ba Makka ba, tafiyar da mai keke ke yi ya dawo kafin azahar. Zakari ya yi aure can, ya haifi ɗiya. In ya zo gaida Inna sai ta fita ta same shi a zauren maƙwabta, ta karɓi jaririyar ta shigo da ita, Baba ya ɗora ta a cinya yana yi mata wasa, ubanta yana zaune bayan katanga. A cikin shekarun nan partin da aka yi rawar dominsa ya rabe, waɗanda suka rungumi juna suka koma zagin juna a radiyo, sojoji suka dawo, mu malamai muka yi ta yajin aiki har yara suka manta hanyar lakwal. Duk abin da aka yi faɗan a kansa ya watse, maganar Baba kaɗai ta rage a tsaye. Tayoyin Fijo suka sace, kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai.

Cikin bazarar 1999 ciwo ya kwantar da Baba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, likita ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Baba Sha'ibu ya zo dubiya. Ina ɗakin, ina yi wa Baba fifita. Ya zauna kusa da shi ya ce, "Jibo, zan taɓa motarka."

Baba ya juya fuska bango. "Na ce da hannunshi."

"Hannun nashi zan kawo."

Baba bai hana ba. A wurinsa wannan ya kai izini.

Zakari ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce yana cikin zogalensa yana ban ruwa sai ya ji mobilet ta tsaya a kan gaɓa. Baba Sha'ibu ya sauko, bai ko tsaya gaisuwa ba, ya miƙa masa wani dunƙulen ƙarfe mai santsi, wanda su toliye ke kira tas, ya ce, "Riƙe."

Zakari ya riƙe. "Baba, wannan fa?"

"Rufin mota ba ya miƙuwa da mutum ɗaya. Wani na sama da guduma, wani na ciki ya tare da wanga. Na samu na sama, na ciki nake nema. Ubanka ba ya da sauran lokaci mai yawa, kai kuma ka tsaya nan kana shayar da ganye."

"In na zo ya kore ni fa?"

"Waje za ka tsaya, ai ba a korar mutum daga waje. Gobe bayan asuba."

Washegari ya zo a kan keke. Suka yaye tamfol, suka kori kaji, suka cire kujeru da ƙyallen da ke lulluɓe da rufin ta ciki. Baba Sha'ibu ya ɗauki alli ya zagaye kowane kwarmi, ya sa masa lamba. Goma sha huɗu ya ƙirga. Ya ce wanda aka taka daga ƙarshe shi za a fara fitarwa, a yi ta komawa baya har a zo kan dugadugin farko, in aka yi tsalle ƙarfen zai yi gardama. Yadda ya gane wanda ya riga wani, Allah kaɗai ya sani. Ya jera tsoffin tayoyi ya ɗora katako ya hau. Zakari ya durƙusa a ciki, hannu biyu sama, ya tokare rufin da tas.

Ban taɓa sanin aikin nan haka yake ba. Na zaci duka ne da ƙarfi. Ashe ɗan bugu ne, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, daga gefen kwarmi ana zagayawa zuwa tsakiya. Inda ƙarfen ya saki ya yi yawa, in ka danna ya faɗa in ka saki ya taso, sai ya kunna wutar walda ya gasa wuri kamar girman ƙwandala har ya yi ja, ya bubbuga, ya danna jiƙaƙƙen tsumma ya yi cuu, ƙarfen ya tsuke. Bayan kowane bugu goma sai ya sa tsohuwar safa a hannu ya shafa wurin, idonsa a rufe. Zakari kuwa ba ya ganin gudumar, sai dai ya bi ta da kunne. In tas ɗin yana daidai ƙarƙashinta sai ka ji ƙara mai tsini, in ya kauce sai ka ji dum.

"Ka kauce! Gabas kaɗan. Kai, gabas na ce, ko a Jiratawa rana daga yamma take fito maku?"

Da hantsi ya yi, rufin ya ɗauki zafi, sai ya sauko ya ce sai gobe. Ranar farko kwarmi ɗaya ma bai ƙare ba. Zakari ya fito ya kasa ko ɗaga moɗar ruwa don gajiya. Na kai masa koko a waje. Muka zauna a gindin bedi har ya shanye.

Ni kuwa kwanakin nake ƙirgawa. Ina ganin Baba yana raguwa kullum, abincinsa ya koma cokali uku, muryarsa ta koma raɗa. Ina leƙa rufin in ga lambobin alli ba su ragu ba sai ɗaya, wani lokaci rabi. A cikin satin nan ne sojoji suka sake karɓar mulki, radiyo ta koma kiɗan soja, maza suka taru ƙofar gidaje suna ƙus-ƙus. Wallahi ko a jikina. Abin da ke gabana ɗaya ne, Zakari ya shiga ɗakin nan ubansa na numfashi.

Ranar ta tara na fito daga ɗakin Baba na tsaya ƙarƙashin katakon, na sassauta murya na ce, "Baba Sha'ibu, Baba ya ce a yi sauri." Ku riƙe wannan magana, zan komo kanta.

Ya dube ni, ya dubi tagar. Zakari ya fito daga cikin motar ya durƙusa gabansa a kan ƙasa. "Baba, don Allah, don Annabi. Saura shida. A cike su da mastik, gobe war haka an gama. Ba tashi zai yi ya duba ba."

"Ba zai tashi ba, amma zai tambaye ni," in ji Baba Sha'ibu. "Zai ce, Sha'ibu, ƙarfe ne ko tuwo? Shekara talatin ban yi mashi ƙarya ba. Kana so in fara yanzu, yana kan hanya?"

"To in ya tafi ban shiga ba fa?"

Baba Sha'ibu ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa. Amma daga ranar ya karya dokarsa ta hantsi. Ya riƙa dawowa bayan azahar, rufin yana ƙuna kamar tanda, yana shafa shi da tafin hannu har fatar ta tashi ta yi ruwa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Na gani da idona, kuma ban ji tausayinsa ba. Na ce a raina, taurin kan tsofaffi biyu ne zai cinye mu.

Ranar ta goma sha bakwai saura kwarmi ɗaya, na farko, mai zurfin, daidai saman kujerar direba. Da hantsi ina zaune gefen Baba na riƙe hannunsa. Guduma na tafiya a waje. Numfashinsa ya yi tsawo, ya sake yin tsawo, sannan ban ƙara jin wani ba. Inna ta yi salati. Ni na yi kuwwa, gudumar ta tsaya.

Zakari ya fito da gudu, tas ɗin na hannunsa. Ya kai bakin zaure ya tsaya cak. Maƙwabta suka taru. Kawunmu ya ce masa ya shiga, ai magana ta bi mai ita. Liman ya zo ya dafa shi, ya ce babu laifi a kansa ko kaɗan, haƙƙin uba ne ɗansa ya wanke shi. Zakari ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar. Ya ce, "Bai janye ba. Liman, bai janye ba." Ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum mai iyali, yana kuka kamar a yanka shi. Ga zafin bazara, ga gawa ba ta jira, an riga an aika Tsibiri, mahaifar Baba, a haƙa kabari, a ce jana'iza bayan azahar.

Ba wanda ya lura da tashin Baba Sha'ibu sai da muka ji ƙarar mobilet. Akwai wani toliye a bakin tasha da Baba Sha'ibu ya yi shekaru yana yi wa tsiya, yana kiransa mai tuwon mota. Wurinsa ya tafi. Mutumin da kansa ya faɗa daga baya cewa ya ga Baba Sha'ibu ya tsaya gabansa kansa a ƙasa, ya ce, "Sammini mastik." Ya ce ya buɗe baki zai rama tsiyar shekaru, da ya ga idonsa sai ya miƙa masa gwangwanin.

Baba Sha'ibu ya dawo ya kwaɓa a kan wani guntun kwali a gaban jama'a. Ya kama Zakari ya tayar da shi, ya hau da shi kan katakon, ya sa masa ƙarfen shafi a hannu, ya ɗora nasa hannun mai tsumma a kai. Tare suka cike kwarmin. Suka tsaya ya bushe, mutane na kallo, wasu na gunaguni wai ana makoki ana gyaran mota. Ya goge ya shafa, wannan karon idonsa a buɗe, hawaye na sauka cikin gemunsa. Sannan ya juyo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ya miƙe. Ni ne toliye, ni na ce ya miƙe. Shiga ka wanke ubanka."

Zakari ya shiga.

Kai ne, Baba Sha'ibu, ka ɗauki abin da ka tsare tun kana saurayi ka ajiye shi a ƙasa don wani ya taka ya wuce. Duk Maraɗi ta ji cewa Sha'ibu ya taɓa mastik, kuma ba ka taɓa kare kanka ba. Ni kuwa me na saka maka da shi? Ka tuna, na san ka tuna. Bayan an fita da gawa kana tattara gudumominka, na fito na tsaya a kanka na ce, "Ashe ka iya. Da ka yi haka tun ranar da ya ce a yi sauri, da ya ga ɗanshi." Ba ka ɗago ba. Ka ce, "Gaskiyarki, ɗiyata." Ka tura mobilet ɗinka da hannu ka tafi.

Bayan sadakar arba'in ya dawo da asuba, shi da Zakari. Ya ƙanƙare mastik ɗin tas, suka fitar da kwarmin da guduma cikin kwana huɗu. Daga nan ya bi sauran jikin motar, ya yanke inda tsatsa ta ci ya sa sabon ƙarfe, ya samo makaniken da ya tayar da injin, ya fesa mata farin da Baba ke so. Yau Fijo tana hannun Zakari. Duk sallah da ita yake kai Inna Tsibiri, mutane na tsayawa a hanya suna kallo. Na taɓa ɗora maganaɗisu a rufinta, babu inda bai kama ba.

Amma Mansura, ɗiyar Baba Sha'ibu, ta faɗa mini cewa tun daga shekarar mahaifinta bai sake bi ta layinmu ba, sai ya zagaya. Ta ce wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya ajiye loma ya ce, "Jibo ya ce in yi sauri." Shekara goma sha ɗaya yana faɗin haka.

Ku samarin da ke koyon sana'a a garin nan, ku je rumfar nan kafin ƙarshen wata. Ku zauna ku kalli yadda yake shafa ƙarfe. Ku koyi ƙin rufe ɓarna da fenti, ku kuma koyi gane ranar da mutum ya fi ƙarfe, don shi ya san duka biyun. Ku masu mota da ya yi wa aiki, ku je ku gaishe shi, ko ba zai ji ba zai ga fuskarku. Na gode maka, Baba Sha'ibu, a madadin Inna da Zakari da duk wanda ya taɓa shiga motar da ta bi ta hannunka ya sauka lafiya. Allah ya saka maka, ya ba kafaɗarka sauƙi.

Saura maganar da na ce ku riƙe. Satin jiya na je rumfar don in faɗa masa da bakina. Na durƙusa na faɗa, na sake faɗa da ƙarfi har Batula ta leƙo. Ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata, ya yaran lakwal?" Bai ji ko kalma ɗaya ba. Amma yana karatu, a hankali, da yatsa, tun ajin yaƙi da jahilci. Mansura ta yi mini alkawari za ta sa masa takardar nan a hannu. To Baba Sha'ibu, karanta nan da kyau.

Ranar ta tara, ina ba Baba koko, kunnensa yana wajen taga. Kullum haka yake yi. In ƙarar ta yi dum sai ya ce, "Ya kauce." In ta yi tsini sai ya ce, "Yawwa, ya tare." Na gaji na ce, "Baba, don girman Allah ka ce ya shigo mana." Ya ce, "Tahira, in ya shigo mi zan ce mashi, mi zai ce mani? Zai durƙusa ya gaishe ni, in amsa, ya sunkuyar da kai ya fita. Yanzu kuwa kullum safiya yana nan, taku uku daga kaina, ina jin hannunshi. Shekara shida ban samu haka ba. Je ki ce ma Sha'ibu kada ya yi sauri."

Abin da ya aiko ni da shi ke nan. Ni ce na juya shi a tsakanin ɗaki da ƙofar gida, don ina ganin na fi shi sanin abin da yake buƙata. Daga baya kunya ta hana ni faɗi, sai na mai da ita fushi na ɗora maka, na bar ka da ita har kunnuwanka suka rufe. Zakari ma sai jiya na faɗa masa.

Ba ka makara ba, Baba Sha'ibu. Amininka ya samu safiya goma sha bakwai da ɗansa, kuma gudumarka ce ta ba shi su. Yana jin ta ya cika. Ni ce na makara. Ka yafe mini.